Karen da Zai Tsare Mu

Litinin, 12 ga Yuni, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An sa sabuwar ƙofa a ɗakin kwana. Kafintan ya tambaye ni ko ya tafi da tsohuwar, na ce ya tafi da ita. Ban tsaya na ga fitarta ba.

Busani ya kira daga Johannesburg, karo na uku yau. Tun ranar da 'yan fashi suka shigo mana ɗan nan nawa ba shi da wani aiki sai ba ni umarni ta waya.

"Mama, kare za ku samu. Ba ƙarin ƙarfe a taga ba, ba fitila ba. Kare. Wanda in mutum ya hango shi daga titi zai canja hanya."

Ya samo lambar wani Mista Mpala a hanyar Esigodini, mai kiwon manyan karnukan nan da ake kira Boerboel, kowanne da takardarsa har ta kakanninsa. Ya ce kuɗin ba damuwarmu ba ce.

Babansa yana falo, hannun dama a kan matashin kai kamar yadda aka ce masa a asibiti. Na faɗa masa. Ya ce, "Yadda kuka gani."

Shekara talatin da uku muna tare da Mbonisi Mguni. Mutumin da ya tuƙa jirgin ƙasa har ya yi ritaya, wanda ko gishirin miya sai ya yi gardama a kai. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan komai yadda muka gani ne.

Na duba get. A kulle yake.

Laraba, 14 ga Yuni, da safe kafin makaranta

Sanyi. Babu ruwa a famfo tun Lahadi. Na ɓalla masa maɓallan riga, yana kallon silin.

Karenmu Bhubesi ya mutu bara, tsufa ne ya kashe shi. Baban Busani ya so a maye gurbinsa, ni na ce na gaji da tuƙa wa kare tuwo bayan na tuƙa wa mutane. Bai tuna mini ba. Ni nake tuna wa kaina.

Alhamis, 15 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Ban je zumuntar mata ba.

Asabar, 17 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Mun je wurin Mpala. Ni na tuƙa. Wannan ce fitarsa ta farko tun da aka sallame shi, kuma bai sauke gilashin mota ba har muka isa.

Ba zan ɗora wa mutumin laifi ba. Tsohon ɗan sanda ne, a sashen karnuka ya yi aikinsa, wurinsa kuma ya fi ajin da nake koyarwa tsabta. Ya fara kai mu wurin 'yan kwikwiyo, su bakwai, masu launin ƙasa, fatar goshinsu ta yi musu yawa. Wata 'yar mace ta hau kan takalmina ta yi barci. Na ɗaga ta, cikinta da ɗumi, tana ƙamshin madara. Rabon da in riƙe wani abu ba tare da na yi kaffa-kaffa da ciwonsa ba, na manta.

Mpala ya ce, "Wannan sai takwas ga Yuli za ta bar uwarta. Amma in gaya miki gaskiya, MaSiziba, shekara ɗaya da rabi ku za ku yi gadinta, ba ita za ta yi naku ba. Ɗanku ya ce wanda ya riga ya horu yake so. Ku zo ku ga Janar."

Janar ya kai mini ƙugu. Kansa kamar tukunyar biki. Mpala ya miƙa wa Baban Busani igiyar ya ce, "Riƙe, Baba." Ya kai hannun dama, yatsun suka ƙi rufuwa. Igiyar ta faɗi ƙasa. Karen ya dubi igiyar, ya dubi mijina.

Mpala ya ɗauka a hankali ya ce, "Irin wannan in ya ga babu mai gida, shi yake zama mai gida."

Da ya tsaya nan da mun tafi lafiya. Amma Busani ya roƙe shi ya nuna mana aikin karen, kuma ban yi tunanin hana shi ba. Wani ƙaton ma'aikacinsa ya fito daga bayan rumfa da gudu, hannunsa a naɗe da buhu, yana ɗaga sanda yana ihu. Janar ya kai shi ƙasa kafin in rufe baki.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Mpala ya juya mana baya yana duba wayar da ba ta yi ƙara ba, Allah ya saka masa. Na shimfiɗa wa mijina jarida a kujerar mota. Mun dawo Bulawayo.

Na wanke kujerar da ruwan da na tara don girki.

Lahadi, 18 ga Yuni, bayan la'asar

Maƙwabciyata MaNdiweni ta leƙo ta katanga da kabewa rabi. Matar nan ba ta san a rage murya ba.

"Na ji an ce za ku sayi kare mai takardar haihuwa. Ni da na haifi biyar har yau ban ga tawa ba!"

Na yi dariya. Na tsorata da jin ƙararta a tsakar gidan.

Ta ce, "Ki bar yaran Johannesburg da son nuna kuɗi. Ki je gidan marayun karnuka, bayan tsohuwar masana'antar takalma. Can na samo wannan ɗan iskan nawa, dubi, kamar tsumma, amma ko kaza ba ta gilma ƙofata bai faɗa wa unguwa ba. Ki tambayi Lameck. Ki ce ni na turo ki, zai ce ina cin mutuncinsa, ki ce haka ne."

Sai ta ce, "Mata suna tambayarki ranar Alhamis."

Na ce ayyuka ne suka yi yawa.

Talata, 20 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na je daga makaranta, ni kaɗai. Ban faɗa wa kowa ba.

Haushi ya tarye ni tun daga titi. Lameck dattijo ne siriri, da rigar aiki mai faci a gwiwar hannu biyu. Ya zagaya da ni keji keji yana ba ni tarihinsu kamar mai karanta rajista. Wannan masu shi sun tafi Ingila. Wannan sun tafi Botswana, sun ce za su aiko a ɗauke shi, shekara biyu ke nan. Wannan an tsince shi a kwalbati. Duk garin nan ya watse ya bar karnukansa da tsofaffinsa.

Na ce na gadi nake so. Ya nuna mini wani baƙi mai tsalle yana dukan raga. Yana cikin yabonsa idona ya kai keji na ƙarshe, inda babu motsi. Wata karya ce ja, mai furfura a baki, kunne ɗaya a yage. Ta kwanta ta juya wa duniya baya.

"Wannan Gogo ce," in ji Lameck. "Saboda furfurar muke ce mata Gogo, wato kaka, amma ba ta wuce shekara biyar ba. Ki bar ta, Mama, ba ta gadi. Wata biyar tana nan ban ji muryarta ba. In ta ga namiji baƙo sai ta yi fitsari a inda take."

Ya kira ta, ta ɗago kai. Sai na ga wuyan. Zobe ne fari, babu gashi, ya zagaye shi duka.

"An same ta ɗaure da wayar ƙarfe a jikin bishiyar gwaba, masu gidan sun tashi. Wayar ta shige nama."

Na san yadda wayar ƙarfe take cin fata, da ita suka ɗaure hannuwan mijina. Na san kwana nawa wurin yake yi yana ruwa, na san man da ake shafawa. Na ce masa ina zuwa. Na zauna a mota kusan rabin awa, hannuna a kan sitiyari.

Ya biyo ni ya tsaya a taga. Ya ce, "Ba don in matsa miki ba, amma wata shida muke riƙewa. Wuri ba ya isa." Ban tambaye shi me ake yi bayan wata shida ba.

Na ɗauki hotonta kafin in tafi. Ban san dalili ba.

Alhamis, 22 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Ban je ba. Na duba get sau huɗu.

Asabar, 24 ga Yuni, da hantsi

Na yi kuskuren faɗa wa Busani.

"Mama! Karen da wani ya yar? Kin san abin da ke cikin kansa? Kin san cutar da yake ɗauke da ita? Ni ina nan ina aikin dare da rana don ku kwana lafiya, ke kina can kina zaɓen abin tausayi!"

Na ce ban zaɓi komai ba, kallo kawai na je.

Ya ce ya yi magana da Mpala, ya gane Janar ya fi ƙarfin babansa, don haka ya ba da kafin alƙalami a kan 'yar kwikwiyon. Za a riƙe mana ita har takwas ga wata. Sai ya koma kan tambayarsa ta kullum.

"Har yanzu ban gane ba. Katangar nan da kwalabe a kanta, da rana tsaka. Ta ina suka shiga?"

Na ce layin ba shi da kyau.

Gaskiyar da ba zan faɗa wa MaNdiweni ba ita ce, 'yar kwikwiyon nake so. Ina son abu guda a gidan nan da babu abin da ya taɓa samunsa. Wanda zai yi gudu ya fasa mini tukunyar fure in yi masa faɗa. Ina da mai ciwo guda, ina yanka masa nama ƙanana ƙanana, ina tafiya a hankali kada takuna ya firgita shi. Ba zan iya biyu ba. Allah ya gani, ba zan iya ba.

Litinin, 26 ga Yuni, ƙarfe huɗu da rabi

Na yi wa wata yarinya tsawa a aji don ta ja kujera da ƙarfi. Ta yi kuka. Shekara ashirin da takwas ina koyarwa ban taɓa sa ɗa kuka a kan kujera ba.

Na dawo na same shi inda na bar shi, a bakin taga, labule a ɗage faɗin yatsa biyu, kulkin mahaifinsa a jingine da ƙafarsa. Shayin safe yana nan ya yi yana a sama. Ya ce wata farar mota ta wuce sau uku. Na ce ta mai gyaran firij ce. Ya ce, "Haka aka rubuta a jiki."

Na gaji. Ban san wata kalma ba. Na gaji.

Laraba, 28 ga Yuni, bayan cin abincin yamma

Ina neman hoton jikarmu in nuna masa, sai na Gogo ya fito. Na yi sauri zan wuce, ya ce, "Tsaya."

Ya karɓi wayar da hagu. Ya daɗe yana kallo. Ya yi ta fama da babban yatsa har ya buɗa hoton daidai wuyan. Hannun rigarsa ya zame, ya ja shi ya rufe.

"Wa ya yi mata?"

"Ba a sani ba."

"Ba a kama shi ba ke nan."

Na ce a'a.

Ya miƙo mini wayar. Na kwashe kwanuka, na wanke, na dawo. Sai ya ce, "Me take ci?"

Yau ce rana ta farko a wata guda da ya yi tambayar da ba ta shafi ƙofa ko mota ba. Da ma a kan wani abu ya yi ta.

Alhamis, 29 ga Yuni, ƙarfe shida saura

Wajen ƙarfe biyu da rabi aka buga get. Na leƙa ta ramin get ɗin. Mutum biyu ne da shuɗiyar rigar aiki, ɗaya da littafi a hannu. Suka ce mitar ruwa suka zo karantawa.

Na san ɗayansu, ya shekara yana zuwa layinmu. Na gaske ne. Duk da haka ban buɗe ba. Na tsaya a tsakar gida da makulli a hannu suna ta "Mama, minti ɗaya ne," har suka gaji suka wuce gidan MaNdiweni.

Na shiga ciki ban gan shi ba. Yana banɗaki, ya sa sakata. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofar, na jingina bayana. Na ce sun tafi. Bai buɗe ba.

Ban shirya ba, bakina ne ya fara. Na ce, "Baban Busani, ranar nan, akwai abin da ban..."

Ta cikin ƙofa ya ce, "Na ji ki."

Sai ya ci gaba.

"Tagar falo a buɗe take. Kin ce wa mutanen da suka ce mita suka zo karantawa, ku shiga, maigida yana ciki, ni na makara zumunta. Har kika ɗaga murya kika ce in ba su shayi, ana sanyi."

Makonni huɗu ina ɗauke da wannan abu kamar garwashi a baki, ashe yana da nasa.

Na ce, "Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Ban san abin da zai fito ba in na buɗe baki." Sai can ya ce, "Na dafa shayin, kin sani. Ina cikin zuba sukari ne."

Da ya fito ya tsallake ƙafafuna, ya tsaya bai waiwayo ba ya ce, "Kada ki faɗa wa yaron."

Bai ce ya yafe ba. Bai ce bai yafe ba.

Asabar, 1 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na tashi na same shi ya sa takalmi, da kansa, igiyoyin a kwance. Ya ce, "Kai ni in gan ta."

A can ya ƙi fita daga mota. Ya buɗe ƙofarsa kawai ya zuro ƙafa ɗaya waje. Lameck ya jawo Gogo tana turjewa, cikinta na jan ƙasa. Da ta ga namiji a mota sai ta yi abin da Lameck ya faɗa, sannan ta shige ƙarƙashin motar daidai inda ƙafarsa take. Bai sunkuya ba, bai kira ta ba. Shi yana kallon gaba, ita tana kallon taya. Ni da Lameck muna tsaye a rana kamar iyayen da suka kawo yara gaisuwar neman aure.

Lameck ya raɗa mini, "Wannan soyayyar za ta ɗauki lokaci, Mama. Kina da aikin yi ki je ki dawo."

Bayan kusan minti arba'in ta fito da hanci ta shinshina takalminsa, ta koma.

Ya ce, "A sa ta a baya."

Na ce, "Baban Busani, ba ta gadi. Mutumin da kansa ya faɗa. Ga kuma kwikwiyon an riga an..."

"Kwikwiyon zai girma ya zama Janar. Wata rana zai kai mutum ƙasa a tsakar gidana, ni kuma ba zan iya janye shi ba. Na ga wanda ya ishe ni."

"To wa zai tsare mu?"

Ya dube ni, karo na farko da ya dube ni sosai tun watan jiya. Ya ce, "Babu kowa, MaSiziba."

Lameck ya ce mu gwada ta mako biyu, zai zo ya duba, in ba ta yi ba ya dawo da ita babu jin kunya. Ta yi amai sau biyu a hanya. Kujerar baya kuma yau.

Lahadi, 2 ga Yuli, da rana

Tana ƙarƙashin mota. Ba ta taɓa tuwon ba. Tururuwa sun ci.

Talata, 4 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Busani ya yi ta faɗa har muryarsa ta shaƙe. Wai mun mai da shi mahaukaci a gaban Mpala, wai in wani abu ya sake faruwa kada a kira shi. Na san kuka yake son yi bai san hanya ba. Ina riƙe da wayar nesa da kunne sai babansa ya miƙo hannu.

"Busani. Ni ne. Na gode da ƙoƙarinka. Gidana ne. A'a, saurara. Ranar da ka gina naka ka sa zaki a ciki. Yaya jikar tawa, haƙorin ya fito?"

Sun yi minti goma a kan haƙori.

Ya kamata in ji daɗi. Na ji, kaɗan. Amma ni ce na kwashe zawon da ta yi a bakin ƙofar kicin, da ruwan da na ɗauko a bokiti daga rijiyar burtsatsen coci.

Alhamis, 6 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Na kai mata ruwa ta yage mini baki ta nuna haƙora, babu ko sauti. Ni da nake dafa mata.

Na shiga mota na rufe gilashi na kira Mpala. Ya ce 'yar macen tana nan har Asabar da azahar, bayan nan akwai wasu mutanen Gwanda da suke jira. Ya tambayi jikin Baba. Ya ce, "Ba na hana kaina ciniki, Mama, amma kada ki haɗa biyu a gida ɗaya yanzu. Ki zaɓa."

Duk maganar nan da nake yi, Gogo tana kwance a ƙarƙashina.

Asabar, 8 ga Yuli, ƙarfe ɗaya da kwata

Azahar ta wuce. Ban kira ba. Na shiga ɗaki na yi kukan karen da na riƙe minti biyar.

Lahadi, 9 ga Yuli, bayan dawowa daga coci

Na dawo ta baya don kada ƙarar ƙofar gaba ta firgita shi. Na same shi zaune a dakalin kicin, a waje, a rana. Ya juya wa motar baya, ya ajiye hannun hagu a ƙasa da guntun hanta a tafin. Gogo ta fito rabi. Magana yake yi, ƙasa ƙasa, ba ya kallonta.

Na tsaya bayan tankin ruwa. Yana ba ta labarin ranar ne. Tun daga sukari har zuwa lokacin da na dawo. Abin da bai faɗa wa 'yan sanda ba, bai faɗa wa likita ba, bai faɗa mini ba.

Abin da na ji ba nawa ba ne, ba zan sa shi a nan ba. Na koma da baya na zagaya na shigo ta gaba, ina buga ƙofa da ƙarfi yadda zai ji.

Shekara talatin da uku, kuma karya ya zaɓa ya faɗa wa. Na ji haushi. Na kuma gode wa Allah da ba ni ya faɗa wa ba. Dukansu gaskiya ne.

Alhamis, 13 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na goge jar rigar zumunta. Na mayar da ita cikin kabad.

Asabar, 15 ga Yuli, da yamma

Lameck ya zo da keke da takarda a aljihu. Baban Busani ne ya ce in buɗe masa, yana tsaye a bayana da kulki. Lameck ya yi kamar bai gani ba. Ya zagaya katanga, ya duba kwanon ruwa, ya ga tsohon bargon da aka shimfiɗa a dakali, wanda ni ban ba da izinin a ɗauka ba.

Gogo tana bayan ƙafafun maigidan. Ta ɗan yi ƙiba. Har yanzu ba ta yarda ya taɓa wuyanta, sai bayanta.

MaNdiweni ta leƙo ta katanga. "Lameck! Ka ba su bebiya ka ce kare ne? Mako biyu ban ji ko tari ba!"

Ya ce, "Naki yana yi wa layi duka, MaNdiweni, ke kuma kina yi wa gari."

Ya shimfiɗa takardar a kan bonet. Mijina ya ɗauki biro da hagu, sai ya tsaya ya miƙo mini.

"Ke za ki fara. Ke kike dafawa, ke kike kwashewa. In ba kya so, ya tafi da ita yau, ba zan ce komai ba."

Na san in na ce a'a da gaske ba zai ce komai ba. Zai koma bakin taga. Na kuma san watan Gogo na shida ya cika. Na dube ta, ta kau da kai. Ba na sonta. Ban ga alamar tana sona ba.

Na sa hannu. Shi ma ya sa, sunansa ya fito a karkace kamar na 'yan aji ɗaya. Lameck ya hura wa tawadar iska ya ce, "To, an ɗaura."

Talata, 18 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mota ta ƙi tashi da safe, a kombi, ƙaramar motar haya, na je makaranta. Da zan dawo na sayi garin masara, buhu mai kilo goma, na ɗora a ka tun daga tasha, na rufa mayafi har hanci saboda iska. Na buɗe get da ƙafa na shigo ina nishi.

Sai wani abu ya taso mini daga dakali. Ja, gashin baya a tsaye, ta kafa ƙafafu tsakanina da shi tana haushi. Murya ce shaƙaƙƙiya, mummuna, kamar famfon da ya daɗe babu ruwa. Na razana buhun ya faɗi ya fashe.

MaNdiweni tana ihu daga gidanta, "Wa ya yi baƙon kare?"

Ni ina tsaye na yi fari fat har gira. Wata shida bakinta a rufe, ta rasa wanda za ta buɗe wa sai ni.

Shi kuwa dariya yake yi. Ya riƙe haƙarƙarin da bai gama warkewa ba, yana dariya yana cewa wayyo. Da ƙyar ya samu numfashi ya ɗora hannun dama, mai ciwon, a bayanta.

"Ke, Gogo, ya isa," in ji shi. "Wannan tamu ce."

Garin yana nan a tsakar gida. Zan share gobe.